Baba da Begilar Bayan Katanga

Mahaifina soja ne. Ko kuma in ce soja ne a da, tunda yanzu hukuma ta ce shi farar hula ne. A layinmu ba mai kiransa da sunansa, Saje kawai ake cewa, har yaran da ba su taɓa ganinsa cikin kaki ba. Ni ce autarsa. Bana na gama jami'a, ina zaune a gida ba aiki, kuma tun abin da ya faru da mu, ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Baba ɗan manoma ne. Ya shiga soja ko gemu bai fito masa ba, saboda wani kofur ya zo ƙauyensu hutu da takalmi mai ɗaukar ido. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya, ya ce takalmi ya biyo, ƙasa kuwa daga baya ya koyi sonta. A bariki aka haife mu, ni da Yaya, a jerin gidajen nan masu fenti iri ɗaya, ɗaki biyu da ɗan falo, famfo guda a tsakiyar layi inda mata ke faɗa a kan bokiti. Baba yana gyara shimfiɗa kamar za a zo duba ta. Yana goge duk takalmin da ya gani a ƙofa, har silifas ɗin Inna bai tsira ba. Inna kan ce mutum biyu ta aura, shi da buroshinsa, kuma buroshin ya fi samun kulawa.

Mun tashi da begila. Da safe a busa a ɗaga tuta, da yamma a busa a sauke ta, kuma duk inda busar ta same ka sai ka tsaya cak. Na sha tsayawa da tulin wanke-wanke a hannu. Baba kuwa, in ji Inna, ko a banɗaki ta same shi sai ya ƙame.

Doka ɗaya yake da ita da ba a taɓa ta: ba a kai wa wanda yake fagen daga mummunan labari. Ya samo ta ne daga abokinsa da suke kira Dogo, mutumin da ko zare aka ja a hanya sai ya gani. Wani ya dawo daga hutu ya gaya wa Dogo cewa ɗansa ba shi da lafiya kuma ba mai kula da matarsa. Washegari Dogo ya taka nakiyar da ko kurtu ba zai taka ba. Baba ne ya tattara gawarsa. Saboda haka da kakarmu ta rasu Baba yana daji, Inna ba ta faɗa masa ba sai da ya dawo ya ajiye jaka ya sha ruwa. Ya yi kuka, sannan ya yi mata godiya.

Ya kusa ajiye aiki motarsu ta taka nakiya. Ƙarfe ya shiga ƙafarsa ta hagu, aka cire wani, aka bar wani. Yana kwance a asibitin bariki wani babban hafsa ya zo da masu ɗaukar hoto, ya riƙe hannunsa, ya ce gidan da yake ciki nasa ne har ya warke, asibiti kuma nasa ne har ƙarshen rai. Yaya yana tsaye a bakin gadon, bai daɗe da fitowa daga horo ba, kakinsa ko laushi bai yi ba. Da kunnensa ya ji. Ba a jima ba aka sallami Baba daga aiki saboda rauni, shi kuma Yaya aka tura shi daji, inda Baba ya baro.

Ina shekarar ƙarshe a makaranta aka zo fitar da mu. Wanda aka aiko wani kofur ne da Baba ya koya wa yadda ake ɗaure takalmi. Ya kasa ɗaga ido, ya ce umarni ne daga sama, ana bukatar gidan. Inna ta fara ɗaga murya, Baba ya dube ta sau ɗaya ta yi shiru. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ƙame a gaban yaron da ya horar, ya ce an ji. Iyakarta ke nan. Da muka koma asibiti aka ce katinsa ya daina aiki, mu je ofishin tsofaffin sojoji. Ofishin ya ce wannan maganar asibiti ce. Muka yi ta zarya tsakaninsu har ƙafar ta sake buɗewa ta fara ruwa.

Muka kama ɗaki guda a bayan layin makanikai. Labule ne ya raba ni da iyayena. Rufin kwano, banɗaki na kowa da kowa, ƙasa baƙa wuluk da man inji, kuma daga safe har faɗuwar rana mai walda na maƙwabtanmu yana bugun ƙarfe kamar ƙarfen ya zagi uwarsa. Baba ya samu gadi a wani sito na kayan gini. Yana zama a benci, in babbar mota ta zo ya ja ƙofa. Ɗan mai sito, wanda bai kai ni shekaru ba, yakan danna hon ya leƙo ya ce tsoho ya yi sauri. Baba ya buɗe, ya sara masa. Na gani da idona, na koma gida na kasa cin abinci.

Yaya bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Inda suke ba a samun waya sai an hau wani dutse, shi ya sa ran Lahadi da yamma kawai yake kira. Baba ya ce yaron nan ya san sautin gidansu, in ya ji guduma zai yi tambaya. Sai ya samo dabara. Duk Lahadi yakan goge rigarsa, ya goge takalminsa, na dama da kuma na hagu da ya tsaga don kumburi, ya ɗauki sanda ya kama hanyar bariki. Ba ƙofa yake zuwa ba. Bayan katanga yake zagayawa, gefen wata kwata, ƙarƙashin wata bishiya da awaki suka cinye mata ƙasa. Ni ina biye da shi da kujera 'yar tsugunno da bai taɓa yarda ya zauna a kai ba.

Wayar za ta yi ƙara. Za su gaisa. In begilar sauke tuta ta tashi daga cikin katanga, Baba ya ce wa Yaya ya dakata, ya ƙame, ya ɗaga wayar sama har a gama. Sannan ya ci gaba: lafiya lau, likita ya ce ƙafa tana kyau, Inna tana gaishe shi tana kan girki. Har ƙananan ƙorafe-ƙorafe yake ƙirƙira don maganar ta zauna. Wai famfon layi ya sake lalacewa. Wai akuyar maƙwabta ta cinye masa shuka. Ina tsaye ina ganin ruwan ciwo yana ratsa bandeji yana sauka cikin takalmi.

Na taɓa ce masa wannan ba daidai ba ne, Yaya ba yaro ba ne. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, “In hankalinsa ya dawo gida, wa zai duba masa hanya?”

Wata Lahadin wani soja mai gadi ya leƙo ta saman katanga ya daka mana tsawa, wai me muke yi a nan, mu ɓace. Baba ya toshe bakin wayar da tafin hannu ya ba shi haƙuri, har da ranka ya daɗe. Katangar da ya yi shekara da shekaru yana gadinta. A hanyar komawa ya ce mai gadin yaron kirki ne, aikinsa yake yi. Ni kuwa da zan iya, da na rushe katangar da hannuna.

Yaya bai faɗa mana an ba shi hutu ba, so yake ya ba Inna mamaki. Daga tasha bariki ya wuce, ya buga ƙofar da ya sani tun yana rarrafe. Wata mata da goyo ta buɗe ta tambaye shi wa yake nema. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta ja shi gefe ta kwatanta masa layin makanikai.

Da tsakar rana ya iso. Ina durƙushe a bakin ƙofa ina wanke wa Baba ƙafa, roba cike da ruwa mai launin da ba na son tunawa. Inuwa na gani ta faɗo a kan robar. Yana tsaye da jaka a kafaɗa, da leda a hannu, ya rame, ya yi baƙi. Baba ya yi sauri ya ja zani zai rufe ƙafar, sannan ya yi dariya ya ce, ashe yanzu kofur ba ya sanar da zuwansa, sai dai ya kawo farmaki. Yaya bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi labulen, ya dubi rufin. Inna ta fito ta rungume shi tana kuka, shi kuwa hannuwansa suna nan a sake. Ledar da ya riƙo, sabon buroshi ne da man takalmi a ciki.

Washegari ya saka kakinsa ya ce a tashi a je asibitin bariki. Yana ganin kaki zai buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Muka zauna a dogon bencin baranda tare da wasu tsofaffi irin Baba, mai hannu ɗaya, mai ido ɗaya, kowa ya yi wanka ya goge riga kamar za shi fareti. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin ya saurari Yaya da kyau, sannan ya ce iyalin soja mai aiki su ne mata da 'ya'ya, uba ba ya ciki. Yaya ya ce uban nan a cikin kaki ya samu raunin. Ma'aikacin ya ce ya sani, Allah ya ba shi lafiya, na gaba ya matso.

Muna nan wani hafsa ya biyo ta barandar yana waya. Duk tsofaffin nan suka yunƙura suka miƙe. Baba ya dafa kafaɗata ya tashi, ya ƙame a kan ƙafar da ke zubar da ruwa, ya sara. Hafsan bai ko juyo ba, dariya yake yi da na cikin wayar. Yaya kuwa yana tsaye hannuwansa a aljihu. Baba ya buga masa sanda a ƙwauri, ya ƙara bugawa, sai da ya ɗaga hannu ya sara wa bayan mutumin da ya riga ya wuce.

A hanyar gida Yaya ya ce ba zai koma ba.

Ba sai an yi mini bayani ba, a bariki na girma. Sojan da hutunsa ya ƙare bai koma ba, sunansa wanda ya gudu. Za a neme shi, in an kama shi a ɗaure shi, in ba a kama shi ba ya ƙare rayuwarsa yana waiwaye. Inna ta shiga tsakani biyu, ba ta son ɗanta a daji, ba ta son shi a kurkuku. Baba ya yi masa faɗa, ya yi masa nasiha, ya kawo labarin Dogo don ya nuna masa dalilin ɓoyewar. Yaya yana zaune a kan jakarsa yana jinsa, har ya gama.

Sannan ya ce, “Baba, ka san abin da nake yi da begilar nan?”

Baba ya ce bai sani ba.

“Buɗe muryar wayar nake yi. Ba ni kaɗai nake hawa dutsen ba. Duk wanda ba ya kan gadi biyo ni yake yi, su zauna su ji. A can kullum maganar ɗaya ce: in ka mutu za a watso wa matarka kaya, in ka ji rauni kai da Allahnka. Ni nake ce musu ƙarya ne. Ina ce musu ga ubana nan, ƙarfe a ƙafarsa, yana cikin gidansa a bariki, likita yana duba shi, in ba ku yarda ba ku zo ku ji. Ɗan Saje suke kirana. In begila ta tashi, har miƙewa suke yi.”

Mai walda yana ta bugu a waje.

“Akwai wani yaro, Ɗan Ƙarami muke ce masa. Ya haɗa jakarsa zai gudu. Na ja shi dutse ya ji muryarka, ya ji kana ƙorafin akuya. Ya sauko ya kwance jakar. Shi ya ce a sa shi a motar gaba.” Yaya ya goge fuska da tafin hannu. “Ni na tattara gawarsa, Baba.”

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba, ko ranar da aka fitar da mu. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce shi bai taɓa riƙe bindiga don mai ofis ba, ya riƙe ta ne don wanda ke kwance a gefensa da kuma ƙauyen da ke bayansa, kuma waɗannan suna nan ba su yi wa kowa laifi ba. Yaya ya ce ya ji, to in ya koma sai ya ce musu me.

Sauran kwanakin hutun suka wuce ba wata magana. Yaya yakan raka Baba sito, ya zauna a benci cikin farin kaya, in mota ta zo shi yake jan ƙofa. Ɗan mai sito ya danna hon sau ɗaya, ya ga idon Yaya, bai ƙara ba. Ni kuwa ba na barci sosai, ba na iya karanta komai, kullum ina kallon jakar nan a lungu ina jiran in ga ko za a ɗaure ta ko za a kwance.

Ranar da hutun ya ƙare, da sassafe na ji sautin da na sani tun ina jaririya. Baba yana zaune a bakin ƙofa, ƙafar ciwon a miƙe, takalmin Yaya a cinyarsa, yana goge shi da sabon buroshin. Yaya ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo. Daga baya ya shiga bayan labule, ya fito cikin kaki.

Ya ce, “Zan koma. Amma kada ka sake zuwa katangar nan. In na kira, a ɗakin nan za ka amsa.”

Baba ya miƙa masa takalmin.

Lahadin da ta biyo, da rana ta yi sanyi, Baba ya kunna dutsen guga ya goge rigarsa. Ya goge takalmi. Ya ɗauki sanda. Ina zaune a kan katifa, na rasa ko in ɗauki kujerar in bi shi ko in tare ƙofa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, yana kallon hanyar bariki. Inna ta bar abin da take yi. Yana nan tsaye wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ta yi ta yi har na zaci za ta katse. Sai ya juyo ya zauna a kan benci ya ɗauka.

Muna jin iskar dutse, da motsin mutane da yawa. Yaya ya gaishe shi. Mai walda bai san ana yi ba, yana ta bugu. Can wata murya da ban sani ba ta ce, “Baba Saje, yau ba begila?”

Baba ya dube ni, ya dubi ƙafarsa. Ya gyara zama, ya miƙe bayansa.

“Babu, ɗana. An fitar da mu tuntuni.”

Ya faɗa musu duka, a gajarce, yadda soja yake ba na gaba da shi rahoto. Gidan, katin, sito, katangar. Bai zagi kowa ba, bai ƙara gishiri ba. Wani ya yi wata dariya marar daɗi. Sai muryar farko ta sake dawowa, a hankali, ta ce to Baba, su yanzu me za su yi.

“Ku kula da juna,” in ji Baba. “Ku duba hanya da kyau.”

Layin ya yanke.

Yaya yana nan a can, yana kira. Yanzu shi kaɗai yake hawa dutsen. Ya ce ba mai ɗaga hannu a sa shi a motar gaba, sai hafsa ya nuna mutum da yatsa. Ya ce wani ya tafi hutu bai dawo ba, kuma ba wanda ya zage shi. In na tambaye shi lafiyarsa sai ya ce lafiya lau, da irin muryar da Baba yake yi a bayan katanga, shi ya sa ba na yarda.

Kwanan baya na ji wani mai babbar riga a rediyo yana cewa sojojin yanzu ba su da zuciya irin ta na da, wai kishin ƙasa ya yi ƙaranci. Na kashe rediyon da ƙarfin da sai da murfinsa ya fita. Ya zo layin makanikai mana. Ya zo ya riƙe mini robar nan sau ɗaya. Ya je barandar asibiti ya ga tsofaffin da suke miƙewa da ƙyar don su sara wa wanda ba zai kalle su ba. Kowane ɗayansu yana da ɗa ko ƙane ko maƙwabci a daji, kuma ba kowa ne zai iya jan ƙafa zuwa bayan katanga ya rufa wa hukuma asiri ba. Mahaifina ya yi musu wannan aikin kyauta, da ƙafa ɗaya, har mai gadinsu ya kore shi.

Baba yana zuwa sito har yanzu, yana goge riga ran Lahadi. Jiya da yamma mai walda ya tashi da wuri, layin ya yi tsit, iska ta juyo daga wajen bariki. Can nesa, ta saman rufin kwano, begilar sauke tuta ta iso mu, siririya. Na ga kafaɗar Baba ta motsa, hannunsa ya kai kan sanda. Ya riƙe ta na ɗan lokaci. Sannan ya sake ta, ya sunkuya ya ci gaba da warware bandejin, ya ce in miƙo masa ruwan.